Makin 3DMark Ya Yi Ƙasa: Katin Ne Ya Gaza, Ko Mudun Awon?

A watan Afrilun da ya wuce, ana tsakiyar zafin Kano, ƙanena ya shigo ɗakina riƙe da waya, fuska a murtuke. "Yaya, wallahi an cuce ni," in ji shi. Sama da shekara ya yi yana tara kuɗi har ya haɗa kwamfutar gem da kayan gwanjo, kuma abu mafi tsada a cikinta shi ne katin hoto, RTX 3060, wanda ya saya a hannun wani abokinsa. Da ya fara buga Call of Duty: Warzone sai ya ga hoton yana cijewa lokaci zuwa lokaci, musamman idan faɗa ya kaure. Sai ya yi abin da kowa ke yi: ya sauke manhajar 3DMark, ya kunna gwajin Time Spy, ta ba shi maki 7,147. A YouTube kuwa ya ga masu sharhin kayan kwamfuta suna nuna wannan katin da maki kusan 8,700. Ya buga lissafi, ya ga giɓin kusan kashi 18 cikin 100, ya yanke hukunci cewa katin tsohon mahaƙan kirifto ne da aka tatse shi, kuma gobe da safe zai mayar wa mai shi.

Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu kafin ya je ya ɓata abota. Abin da muka gano a kwana biyun nan shi ya sa nake so mu ɗora ita kanta 3DMark a kan sikeli, tunda ita ce ke ɗora kwamfutocin mutane a kai.

Mene ne Time Spy, kuma me ya iya?

3DMark manhaja ce ta gwada ƙarfin kwamfuta wajen zana hoto mai motsi. Kamfanin Futuremark na ƙasar Finland ne ya fara fitar da ita a 1998, daga baya kamfanin UL na Amurka ya saye shi a 2014. A cikinta akwai gwaje-gwaje daban-daban: Fire Strike na 2013, Time Spy na 2016, Port Royal na 2019, da Steel Nomad wanda aka fitar a 2024 don ya gaji Time Spy. Duk da haka har yanzu Time Spy ne ya fi yawo a bakin 'yan gem, domin akwai shi a sigar kyauta, kuma an tara sakamakonsa na shekaru.

Aikinsa mai sauƙin fahimta ne. Gem ba bidiyo ba ne da aka riga aka ɗauka. Kwamfuta ce ke zana kowane hoto a nan take, ɗaya bayan ɗaya. Kowane hoto shi ake kira firam. Time Spy yana tilasta wa kwamfuta ta zana wasu fage guda biyu masu nauyi a girman 2560 × 1440 ta hanyar DirectX 12, yana ƙirga firam nawa take kammalawa a sakan. Sannan akwai gwaji na uku wanda ke matsa wa CPU, wato firosesa.

Dole a ba shi haƙƙinsa. A gem na gaske ba za ka taɓa maimaita wasa iri ɗaya sak sau biyu ba, amma Time Spy kullum fage ɗaya yake zanawa, ta hanya ɗaya. Masu shi sun ce idan aka maimaita shi a kan kwamfuta mai lafiya, bambancin sakamako yawanci ba ya wuce kashi 3 cikin 100. Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin gwaje-gwaje ya san darajar ma'aunin da ba ya rawa. Matsalata da shi tana wurin abin da yake nuna wa mutum a ƙarshe, da abin da yake barin mutum ya ɗauka.

Lamba ɗaya da ta haɗa abu biyu

Babbar lambar da ke fitowa a saman shafin sakamako haɗin gambiza ce. An ɗauki makin hoto an ba shi nauyin kashi 85, an ɗauki makin CPU an ba shi kashi 15, sannan aka haɗa su da wani nau'in matsakaici da ke karkata ga ƙaramar lamba. Ga misalinsa: idan ka tafi Zariya daga Kano da gudun kilomita 100 a awa, ka dawo da gudun 50, matsakaicin gudunka bai kai 75 ba, kusan 67 ne, domin ka fi daɗewa a kan hanya lokacin da kake tafiya a hankali. Haka lissafin Time Spy yake: 1 ÷ (0.85 ÷ makin hoto + 0.15 ÷ makin CPU).

Mu gwada. Kati mai makin hoto 8,700 idan aka haɗa shi da firosesa mai maki 8,000, jimilla za ta kai kusan 8,590. Wannan katin dai, ba a taɓa shi ba, idan aka mayar da shi kwamfuta mai firosesa mai maki 4,000, jimilla za ta sauko zuwa kusan 7,400. An rasa kusan kashi 14 cikin 100 alhali katin lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya faru da ƙanena ke nan. Da muka duba ƙananan lambobin da ke ƙasan babbar, makin hotonsa 8,300 ne, makin CPU kuma 4,000, domin firosesarsa Ryzen 3 3100 ce mai ƙwaya 4. Ita kuwa 8,700 da ya gani a YouTube makin hoto ce zalla, wanda masu sharhi suka fi kawowa tunda kati suke gwadawa. Ya auna gero da tiya, ya kwatanta da na wanda ya auna da mudu. Giɓin gaskiya tsakanin 8,300 da 8,700 bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

Akwai kuma wani abu game da girman lambobin. Makin hoto ana samunsa ne ta hanyar ninka matsakaicin firam a sakan sau 164. Wato 8,700 na nufin firam kusan 53 a sakan, 8,300 kuma kusan 51. Maki 400 da ke hana saurayi barci, firam biyu da ɗoriya ne, wanda ido ba zai taɓa ganewa ba. Ninkawar nan tana sa ƙaramin bambanci ya yi kama da babban rashi, kuma shafin sakamako ba ya tsayawa ya gaya wa sabon shiga haka.

Da wa ake kwatanta ka?

3DMark tana nuna maka inda ka faɗa a tsakanin masu kati da firosesa irin naka, da matsakaicinsu da kuma wanda ya fi kowa. Wannan ya fi kwatanta kai da bidiyon YouTube nesa ba kusa ba. Amma a tambayi kai, su wane ne waɗannan mutanen? Ba a zaɓo su ta hanyar ƙuri'a daga cikin duk masu irin katin ba. Su ne suka kawo kansu. A cikinsu akwai masu ƙure gudun kati fiye da yadda kamfani ya saita shi, akwai masu maimaita gwajin sau ashirin suna neman ƙarin maki goma, akwai masu sanyaya kati da ruwa. Duk ɗalibin ƙididdiga ya san cewa samfurin da ya zaɓi kansa ba ya wakiltar jama'a. Kuma ko da samfurin adali ne, dole ne mutane da yawa su faɗa ƙasa da matsakaici; haka matsakaici yake, ba alamar cuta ba ce.

Sai batun suna. Kama da wane ba ta wane, kuma kamfanonin kati sun daɗe suna sanya suna ɗaya a kan kaya daban-daban. GTX 1060 mai 3GB tana da ƙwayoyin lissafi 1,152, mai 6GB tana da 1,280. GT 1030 ta fito da ma'adana GDDR5 mai wuce bayanai GB 48 a sakan, sannan a 2018 aka fitar da wata da wannan sunan mai DDR4 da ba ta kai GB 17 ba. RX 580 ta asali tana da ƙwayoyi 2,304, amma akwai wadda aka yi wa kasuwar Sin mai 2,048, kuma ta yaɗu sosai a kasuwannin gwanjo na intanet. Ita kanta RTX 3060 akwai mai 12GB akwai mai 8GB, kuma mai 8GB hanyar ma'adanarta ta fi ƙunci, bit 128 a maimakon 192.

A laftof abin ya fi muni. RTX 3060 ta kwamfutar tebur tana jan wuta wat 170, ta laftof kuwa kamfani na iya saita ta daga wat 60 zuwa 115, har ta kai 130 idan firosesa ta ara mata. Laftof biyu masu sitika iri ɗaya za su iya bambanta sosai saboda wannan kawai. RTX 4090 ta tebur tana da ƙwayoyi 16,384 da wat 450. Ta laftof tana da 9,728, kuma cif ɗinta irin na RTX 4080 ta tebur ne. Wanda bai san wannan ba zai yi ta neman gyaran abin da bai lalace ba.

Ma'aunin da bai san ɗakinka ba

Katin hoto na zamani ba shi da tsayayyen gudu. Yana duba zafinsa da wutar da yake ja sau da yawa a kowane sakan, yana ƙara gudu ko ragewa. RTX 3060 an rubuta mata megahaz 1,777, amma a ɗaki mai sanyi takan haura 1,900 da kanta. Yayin da zafi ke ƙaruwa tana sauka mataki-mataki, kuma yawancin katunan GeForce an saita su ne su yi ƙoƙarin kada su wuce digiri 83. Dalilin na kimiyya ne: idan silikon ya yi zafi, ƙananan makunnan da ke cikinsa suna ƙara yoyon lantarki, yoyon kuma yana ƙara zafi, sai katin ya buƙaci ƙarin wuta don yin aikin da ya saba yi.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Idan kati yana kai digiri 70 a ɗaki mai digiri 22, to tazararsa da ɗakin 48 ce. Kawo shi ɗaki mai digiri 38, irin ɗakunanmu da rana a watan Afrilu idan babu AC, fankar tana juyawa daidai yadda take, sai ya nufi 86. Ya wuce iyaka ke nan, don haka ko dai fanka ta ƙara ihu ko katin ya rage gudu, yawanci duka biyun. Ƙara masa ƙurar hunturu da ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, da man da ke tsakanin cif da ƙarfen wanda ya bushe bayan shekaru.

3DMark tana rubuta zafin katin a jadawalinta, amma ba ta san zafin ɗaki ba, kuma ba ta tambaya. Saurayi a Sakkwato da saurayi a Helsinki jeri ɗaya ake sa su. Bugu da ƙari, ɓangaren da ake ba wa maki 'yan mintuna ne kawai, mai buga gem kuwa yakan yi awa biyu ko uku. Kwamfuta, musamman laftof, tana iya cin jarrabawar minti uku ta faɗi ta awa ɗaya. Gwajin da ya fi dacewa da yanayinmu shi ne na juriya, wanda ke maimaita fage ɗaya sau 20 ya duba ko gudun ya tsaya, kuma sai an samu kashi 97 cikin 100 ake cewa an ci. Abin takaici, shi ba a cika maganarsa ba, domin ba ya ba da lambar da za a yi alfahari da ita.

Abin da matsakaici ke ɓoyewa

Mu koma kan ainihin kukan ƙanena. Bai zo yana cewa firam ɗinsa sun yi kaɗan ba. Cewa ya yi hoton yana cijewa. Waɗannan abubuwa biyu ne daban, kuma Time Spy na farkon kawai yake ba wa maki.

Ga lissafin. Idan gem yana gudu firam 60 a sakan cikin tsari, kowane firam yana ɗaukar milisakan 16.7. To ɗauki wani sakan da aka zana firam 59 kowanne a milisakan 15, sannan guda ɗaya ya maƙale na milisakan 115. Jimilla milisakan 1,000 ne, firam 60 cif. Ma'aunin firam a sakan zai ce lafiya lau, amma mai wasa ya ga hoto ya tsaya cak na fiye da kashi ɗaya bisa goma na sakan, kuma a Warzone wannan ya isa a harbe ka. Scott Wasson na shafin The Tech Report ya fito da wannan matsala fili a 2011, kuma tun daga lokacin masu sharhi na ƙwarai suke auna tsawon lokacin kowane firam, suna kawo matsakaicin kashi 1 cikin 100 na firam mafiya jinkiri. Fiye da shekara goma bayan haka, babbar lambar Time Spy tana nan a kan matsakaicin gudu.

Cijewa kuma sau da yawa ba daga katin take zuwa ba. Gwajin hoton Time Spy an tsara shi ne da gangan don ya ɗora kusan duk nauyin a kan kati, ya bar firosesa da RAM su huta. Gem na gaske ba ya yin haka: yana lissafin 'yan wasa da dama, yana ɗauko taswira daga ma'ajiya, yana magana da intanet. A kwamfutar ƙanena mun tarar da sandar RAM guda ɗaya tak mai 8GB, an rubuta 3200 a jikinta amma tana gudu a 2133, domin ba a kunna XMP a BIOS ba. Sanda ɗaya a 2133 tana wuce bayanai kusan GB 17 a sakan. Sanduna biyu a 3200 suna wuce GB 51.2, ninki uku ke nan. An bar jaki ana dukan taiki.

Idan ma'auni ya zama abin nema

Akwai wata ƙa'ida da ake jinginawa ga masanin tattalin arzikin Ingila Charles Goodhart tun 1975: duk ma'aunin da aka mayar da shi abin buri, to ya daina zama ma'auni mai kyau. Tarihin 3DMark ya gaskata shi fiye da sau ɗaya. A watan Mayun 2003 Futuremark ta fitar da rahoto cewa direbobin Nvidia suna gane lokacin da ake gudanar da 3DMark03 su rage aikin da katin zai yi. Da aka toshe hanyar ganewar, makin GeForce FX 5900 Ultra ya faɗi da kusan kashi 24 cikin 100, ko da yake daga baya kamfanonin biyu sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa da ta sassauta kalaman. A 2013 an cire wasu na'urorin Samsung da HTC daga jerin sakamako saboda suna ƙara gudu idan sun ga sunan manhajar gwaji. A 2018 aka yi wa wasu wayoyin Huawei haka, bayan an gwada su da manhajar da aka canza wa suna aka ga makin ya sauko.

A nan masu 3DMark sun cancanci yabo, domin sun tabbatar da maguɗin kuma sun ɗauki mataki a kai. Amma darasin ya shafe mu ma. Mai gem da ya fara rufe riga-kafin ƙwayoyin cuta na kwamfutarsa, yana buɗe murfin akwati, yana ƙure fanka, yana gwaji da asuba don maki ya hau, shi ma ya shiga sahun. Ya samu lamba a yanayin da ba zai taɓa buga gem a cikinsa ba.

Shawarwarin harbin iska

Laifin ba na manhajar kaɗai ba ne. Rubuta "makina ya yi ƙasa" a intanet ka ga ruwan shawarwari: goge direba ka sake sawa, sabunta BIOS, sake girka Windows, kashe wannan, kunna wancan, sayi sabuwar na'urar ba da wuta. Kowace tana iya zama daidai ga wani, amma a jere suke zuwa ba tare da an tambayi alamun ciwon ba. Mutum ya canza abu bakwai a dare ɗaya. Idan maki ya hau bai san wanne ya yi aiki ba, idan ya sauka bai san wanne zai warware ba. Wasu ma akwai haɗari a cikinsu. Sabunta BIOS a garin da ake ɗauke wuta babu sallama, ba tare da inbata ko UPS ba, yana iya kashe babban allon kwamfuta gaba ɗaya.

Wata shawarar da na sha ji a nan gida ita ce ƙarancin ƙarfin wutar NEPA ke rage wa kati gudu. A kwamfutar tebur ba haka abin yake ba. Na'urar ba da wuta tana mayar da wutar bango zuwa tsayayyen bolt 12, kuma da yawa daga cikin na zamani suna karɓar daga bolt 100 zuwa 240. Idan ta kasa, kwamfutar mutuwa take yi ko ta sake tashi, ba ta tafiya a hankali. A laftof ne maganar wuta ke da tushe: idan aka cire caja, ko aka sa cajar da ba ta kai wat ɗin ta asali ba, katin yana rage gudu ƙwarai.

Hanyar mai bincike ta fi arha. A yi gwaji sau uku a ɗauki na tsakiya. A canza abu ɗaya kawai a sake. Kuma a bar manhajar sa ido tana rubutu yayin gwajin. GPU-Z kyauta ce, tana da layin da ke faɗin dalilin da ya hana katin ƙara gudu a wannan lokacin: Thrm na nufin zafi, Pwr na nufin ya kai iyakar wutarsa, VRel kuma na nufin ya kai iyakar bolt, wanda yake al'ada ce ga kati mai lafiya. Idan a cikin gem katin yana aiki kashi 97 zuwa 100, shi ne ke iyakance gudu. Idan yana yawo a kashi 60 ko 70 alhali ba a ƙayyade firam ba, to jiran wani yake yi, firosesa ko RAM.

Inda makin ke faɗin gaskiya

Kada a ɗauka ina cewa a jefar da 3DMark. Idan makin hoto, ba jimilla ba, ya gaza na takwarorinsa da kashi 15 ko 20 ko fiye, ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan manhajar tana da amfani sosai. Abubuwan da za a duba kaɗan ne. Wayar allo tana jikin katin ko tana jikin babban allo, inda ƙaramin katin cikin firosesa zai iya karɓe aikin? An tilasta V-Sync ko iyakar firam a saitin direba? Katin yana ramin PCIe na sama, ko an sa shi a na ƙasa wanda a alluna da yawa layi 4 kawai gare shi? Layi 16 na PCIe 3.0 suna wuce kusan GB 16 a sakan, layi 4 kuwa ba su kai GB 4 ba. A lura, idan kati yana hutawa GPU-Z na iya nuna 1.1 saboda tanadin wuta. Sai an ɗora masa aiki ake karanta lambar gaskiya. Mai katin Intel Arc kuma ya tabbatar Resizable BAR a kunne yake, domin waɗannan katunan suna asara mai yawa idan babu shi.

Zargin ƙanena game da haƙar kirifto shi ma ba daga sama ya faɗo ba. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta daina amfani da haƙa da katin hoto, kuma katunan mahaƙa sun kwararo kasuwar gwanjo. Amma cif ba ya tsufa irin na jaki, ya riƙa rage sauri a hankali. Abin da ke gajiya shi ne fanka, da man sanyaya, da 'yan katifun da ke kan ma'adana, sai kuma BIOS ɗin da wasu mahaƙa ke canzawa, musamman a katunan RX 570 da RX 580. Dukansu ana iya ganinsu a GPU-Z ko da ido, kuma yawancinsu suna gyaruwa.

Yadda ta kaya

Mun bi abin ɗaya bayan ɗaya. Da rana GPU-Z ta nuna katin yana taɓa digiri 83, Thrm yana fitowa yana ɓacewa. Muka busa ƙurar, muka janye akwatin daga lungun da ya cusa shi, muka maimaita gwajin: makin hoto ya koma kusan 8,500, wato cikin tazarar da masu manhajar da kansu suka ce ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Muka kunna XMP, cijewar ta ɗan ragu. Washegari ya sayo sandar RAM ta biyu da kuɗin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na kuɗin katin ba, muka sa su a rami na biyu da na huɗu kamar yadda littafin allon ya ce. Makin CPU ya hau zuwa kusan 4,700, jimilla ta tsaya kusan 7,600. Har yanzu tana ƙasa da 8,700 ɗin da ta tayar masa da hankali da fiye da maki dubu, amma Warzone ya daina cijewa.

Hukuncina a kan Time Spy shi ne, ma'auni ne mai kyau na abu guda: ƙarfin kati na 'yan mintuna, a fage guda, a yanayin ɗakin da aka yi gwajin. Aibinsa shi ne ya sa lambar da ta fi ruɗarwa a wuri mafi girma, ya bar masu amfanin a ƙasa da ƙananan haruffa, kuma ya yi shiru game da cijewa, wadda ita ce ke kai yawancin mutane wurinsa tun farko. Da ni ne mai tsara shafin, da makin hoto da makin CPU zan sa a sama kowanne da kansa, in rubuta firam a sakan kusa da su, in kuma tambayi mai gwaji zafin ɗakinsa.

Ƙanena bai mayar da katin ba, kuma abokin nasa har yau bai san an kusa kiransa macuci ba. Yanzu firosesa mai ƙwaya 6 yake tara wa kuɗi, wadda za ta zauna a kan allon da yake da shi. Na ce masa idan ta iso, kafin ya kunna 3DMark, ya fara buga gem ɗinsa na awa ɗaya da rana tsaka, GPU-Z tana rubutu a gefe.